Mai Dafa Jam da Aka Hana Lasa

Shekararta arba'in da uku, 'ya'yanta huɗu, amma har yau Auta ake ce mata, don ita ce ta ƙarshe a ɗakinsu, kuma mahaifiyarta ba ta ga dalilin sake mata suna ba. Sana'arta dafa jam, wato 'ya'yan itacen da ake dafawa da sukari su yi kauri, a riƙa shafawa a burodi. A bayan gidansu akwai wani ɗaki da ta mayar wurin aiki: manyan tukwane uku, murhun gas mai baki biyu, dogon tebur da aka shimfiɗa wa leda, sai kantoci cike da kwalabe. Kantuna bakwai da otal biyu ke karɓar kayanta, kuma na mangwaro ne ya yi mata suna. Shekara goma sha ɗaya tana dafa shi, ba ta taɓa ɗora sukari a sikeli ba. Sai ta ɗebo a cokali, ta hura, ta lasa, ta haɗiye, ta ɗan yi shiru, sannan ta ce ko dai saura kaɗan ko kuma a sauke.

Cikinta kuwa ya daɗe yana ba ta wahala. Da safe ta ɗaura zani daidai, kafin la'asar sai ta sassauta shi sau biyu. Ya kumbura, ya yi ƙugi, ya murɗa, wata rana banɗaki sau biyar, wata rana kwana uku shiru. Wata maƙwabciya har barka ta yi mata, ta tambaye ta wata nawa ne. A asibiti an ɗebi jini, an yi hoto, an zura mata abin da ba ta son tunawa, aka ce babu ƙari, babu gyambo, hanjinta ne dai mai saurin fushi. Aka tura ta wurin likitar abinci.

Likitar yarinya ce ƙarama mai tabarau, Auta za ta girme ta da shekara goma sha biyar. Ta miƙo mata takarda mai layi biyu, ɗaya kore, ɗaya ja.

"Wannan tsari sunansa fodmaf," in ji ta. "Akwai wasu nau'o'in sukari a cikin abinci da hanjin wasu mutane ba ya iya tsotse su sosai. Sai su zauna a ciki su jawo ruwa, su yi tsami, su cika mutum da iska. Za mu janye su gaba ɗaya na sati shida. In ciki ya lafa, sai mu riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya, mu ga wanne ne mai laifin, kuma nawa ne cikinki zai iya ɗauka."

Auta ta bi jan layin da yatsa. Albasa. Tafarnuwa. Madara. Alkama. Wake. Tuffa. Kankana. Zuma. Da ta zo na tara sai yatsan ya tsaya.

"Likita, kin rubuta mangwaro a nan."

"E, yana ciki."

"Kin san sana'ata kuwa?"

"Kin faɗa mini. Ai ba dafawa na hana ba, haɗiyewa na hana. Kina iya lasa ki tofar."

"In tofar." Auta ta ajiye takardar. "Likita, zaƙi a kan harshe yake, amma tsami sai ya wuce maƙogwaro ake sanin ya ji ko bai ji ba."

"To ki samu mai ɗanɗana miki. Ke kuma ki dafa na abarba, da farin sukari da lemon tsami kawai. Wannan kina iya ci, cokali biyu a zama ɗaya. Ki samu littafi ki riƙa rubuta duk abin da ya shiga bakinki, da abin da ya biyo baya."

A gida mutum biyu ne suka karɓi labarin. Na farko mijinta, mai gyaran firij, wanda kowa ke kira Injiniya. Ya karanta takardar sama da ƙasa ya ce, "To me ya rage? Ruwa?" Ta biyu Inna, mahaifiyarta, wadda ta dawo zama da su tun da gwiwa ta hana ta hawa bene a gidan babban ɗanta. Inna ba ta karɓi takardar ba ma. Ta sa aka karanta mata, da aka zo kan zuma ta ɗaga hannu.

"Tsaya nan. Zumar ce aka hana?"

"Na sati shida ne kawai, Inna."

"Ni da na haifi tara, babu wanda ban lasa wa zuma ba. Yau kuma ita ce cuta? Wace ce ma likitar? 'Yar wa ce?"

"Inna, ta yi karatun abin."

"Karatu," in ji Inna, ta juya kai wajen taga.

Lokacin mangwaro ne, kwanduna na shigowa kullum. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Auta ta tsaya a kan tukunya, turiri mai ƙamshi na dukan fuskarta, hannunta na kai cokali baki da kansa, sai ta tuna ta mayar. Ranar farko ta gwada shawarar likita. Ta lasa, ta juya shi a baki, ta tofar a wani kofi. Ashe Inna na bakin ƙofa a kan sandarta.

"Auta! Abinci kike tofarwa? A gidan wa kika ga haka?"

"Inna, likita ce ta ce..."

"Likita ta ce ki yi wa arziki tofi? To ba a gabana ba."

Ko babu Inna ma tofarwar ba ta yi mata amfani ba, don ta kasa gane komai. Sai ta koma kan Injiniya. Kafin ya fita aiki ta tare shi da cokali.

"Ɗanɗana. Me ka ji?"

"Da daɗi."

"Na san da daɗi. Tsamin ya ji?"

Ya ƙara lasa, ya kalli silin kamar mai lissafi. "Ya ji."

"Ko a ƙara?"

"A ƙara ɗin."

"Yanzu ka ce ya ji!"

"To kar a ƙara."

Don ta gwada shi, washegari ta ɗiga gishiri a cokalin kafin ta ba shi. Ya lasa, ya lumshe ido, ya ce wannan ya ma fi na jiya. Ta karɓe cokalin ta ce ya tafi, firij na jiran sa. A satin nan mai dafa abincin ɗaya daga otal ɗin ya bugo waya, ya gaishe ta da ladabi, sannan ya tambaya ko ta ɗauki sabuwar ma'aikaciya ne, don hannun kamar ya canja. Auta ta ce za ta duba. Da ta kashe wayar ta zauna a kan bokitin sukari ta yi tagumi.

Abu ɗaya ne ya hana ta yaga takardar: cikin ya lafa. Kafin sati biyu zani ya daina matse ta, ƙugin ya tafi. Tana cin shinkafa da kifi da karas, miya babu albasa kamar an yi mata sata, da wani burodin garin shinkafa da ke kama da soson wanka. Abin da ke sa burodin ya haɗiyu shi ne jam ɗin abarbarta. A 'yar ƙaramar tukunya take dafa shi, ta zuba a kwalba mai jan murfi, ta gargaɗi yara cewa duk wanda ya taɓa sai ya gane kurensa. Safe, rana da yamma, cokali bibbiyu. Shi kaɗai ne daɗin da ya rage mata.

A sati na uku kwalbar ta ƙare, ta dafa wata. Wannan karon ya fito da wani irin garɗi da ba ta saba ji ba. Har ta kai wa Inna a cokali.

"Inna, ji nan. Abarba da sukari da lemo kawai. Kin ga abin da ake kira hannu."

Inna ta lasa ta gyaɗa kai. "Hannu kam," ta ce.

Kwana biyu bayan nan cikin ya dawo da halinsa, har ya fi da. Ranar da ta kai kaya wani kanti, tana tsaye ana sauke kwalabe, cikin ya yi wata ƙara har mai kantin ya leƙa waje yana zaton babur ne. Ta roƙi mabuɗin banɗakinsu, ta fito ba ta iya haɗa ido da kowa.

Ta buɗe littafinta ta shiga bincike. Ta zargi kifin, ta daina. Ta zargi man girki, ta canja. Ta tsare babbar 'yarta da tambaya ko ta juya mata miya da ludayin da aka sa a tukunyar albasa, yarinyar ta rantse har da hawaye. Ta janye karas. Ta janye burodin soso, ta koma lasar jam ɗin haka nan. Abin da take ci ya ragu, ta rame a wuya, cikin kuwa yana nan kamar ganga. Duk wanda ya yi mata magana a gidan sai ta hau shi da faɗa. Injiniya ya koma cin abincinsa a tsaye yana kallon ƙofa.

Ta koma wurin likita ta dangwara littafin a kan tebur.

"Ga shi nan. Sati huɗu ban ga albasa ba. Sana'ata na lalacewa, gidana kowa na gudu na. Ga cikin, ki taɓa ki ji."

Likita ta gyara tabarau ta bi shafukan a hankali. "Sati biyun farko lafiya lau. Me ya canja ranar goma sha shida?"

"Babu."

"Kin rubuta sabuwar kwalba."

"Ni na dafa da hannuna. Abarba, sukari, lemo. Ke kika ce in ci."

"Ke kaɗai ce a ɗakin, daga ɗorawa har saukewa?"

Auta ta buɗe baki za ta ce e, sai ta tuna a ranar mai kawo kwalabe ya zo, ta fita ƙofar gida ta ƙirga, ta bar Inna zaune kusa da murhu tana kula mata kar ya kama.

Da ta koma gida ta fere abarba biyu, ta ɗora ƙaramar tukunya. Inna ta jawo kujera ta zauna kamar kullum. Da ya fara kauri Auta ta ce za ta leƙa maƙwabta ta karɓo saƙo. Ta fita, ta buɗe ƙofar gida, ta rufe da ƙarfi, ta cire takalmi ta dawo a hankali.

Inna, wadda ba ta tashi sai an kama ta, tana tsaye cak babu sanda. Kwalbar zuma a hannun dama, muciya a hagu. Tana tsiyayawa tana juyawa, bakinta na motsi da addu'a.

"Inna."

Inna ba ta ko firgita ba. Ta ƙarasa juyawa, ta lashe bakin kwalbar da yatsa, ta rufe.

"Kin dawo da wuri."

"Inna, me kika zuba?"

"Kina gani kina tambaya. Magani na zuba."

"Tun yaushe?"

"Tun waccan tukunyar. Da ɗan cokali a filas ɗin shayin cittarki da safe." Ta koma ta zauna. "In zuba ido ina kallo kina ƙarewa? Dubi wuyanki. Yarinya ta ba ki takarda ta ce ki bar abinci, ke kuma kin bi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Auta ta kashe murhun. Ta ɗauki tsumma ta goge teburin da ba shi da datti. Haushin ma biyu ne, don harshen da take taƙama da shi ya sha zuma sati biyu bai gane ba, har ta kai cokali tana neman yabo.

"Inna, ke da ba kya fita, ina kika samu zuma?"

Daidai nan Injiniya ya shigo cin abincin rana da jakar kayan aikinsa. Ya ga kwalba a cinyar Inna, ya ga fuskar matarsa, ya juya zai koma.

"Dawo!"

"Na manta sifana ne a..."

"Kai ka sayo?"

"Inna ce ta aike ni. In ce mata a'a?"

"Ka san a ina take zubawa?"

Ya sosa ƙeya. "Ta ce sirri ne. Kuma ai na ga kina yabon jam ɗin."

Duk abin da ba ta iya faɗa wa Inna ba, shi ya sha. Ta lissafa masa banɗakin kanti, da kifin da ta bari, da hawayen 'yarsu, da dararen da yake munshari tana juyi. Ya tsaya da jaka a hannu yana cewa a yi haƙuri. Inna daga kujerarta ta ce, "Ki bar yaron mutane, shi biyayya ya yi."

Washegari Auta ta sa Inna a mota ta kai ta asibitin. Ta ce mata gwiwa za a duba, kuma an duba ɗin, sannan suka biya ta ofishin likitar abinci. Likita ta tashi ta ba Inna kujerarta mai laushi, ta durƙusa ta gaishe ta. Inna ta ƙare mata kallo, ta ce a ranta aƙalla tana da tarbiyya.

"Ke ce kika ce zuma cuta ce?"

"A'a, Mama, ban isa ba. Zuma aba ce mai kyau, ni ma ina sha. Amma maganin gwiwar nan da aka ba ki, in jikarki ta sha fa?"

"Wa zai ba ta? Ai ba nata ba ne."

"To haka cikin 'yarki yake. Irin sukarin da ke cikin zuma, in ya yi yawa, hanjinta ba ya iya ɗauka. Kin ga littafin. Kafin ki fara zubawa lafiyarta ƙalau."

Inna ta kalli littafin da ba ta iya karantawa, ta kalli Auta.

"Da gaske ni na sa ki wannan zaryar?"

"Ke ce, Inna."

"To ai sai a faɗa wa mutum," in ji Inna.

Auta ta ɗaga hannu biyu sama ta sauke su a cinya. Likita ta sunkuyar da kai tana gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

"Yanzu za mu koma baya," ta ce bayan ta daidaita fuskarta. "Sati biyu a kan koren layi, har ciki ya lafa. Ki dawo da kifi da karas, ba su da laifi. Amma Mama ta rage mana aiki, don mun san zuma ba taki ba ce. Sai dai ki shirya, mangwaro danginsu ɗaya da ita. Za mu gwada mu ga iyakarki."

Sati biyun suka wuce, Auta na kulle ɗakin jam da kwaɗo, mabuɗin a ƙugunta. Ranar gwaji ta zauna ita kaɗai da kwalbar mangwaro. Ƙaramin cokali ɗaya. Ta bar shi ya narke, ta haɗiye, nan take ta ji abin da mai dafa abincin otal ya ji: sukari ya yi yawa, tsami ya gudu. Sati shida ke nan tana tura wa mutane wannan. Cikin bai ce komai ba ranar. Rana ta biyu ta ci babban cokali, ya yi ɗan ƙorafi. Rana ta uku ta ci biyu, ta wuni tsakanin gado da banɗaki.

"Ƙaramin cokali ɗaya a rana," in ji likita a waya. "Wata rana ma za ki iya ɗan ƙarawa. Ai an samu ci gaba."

"Likita, tukunya uku nake dafawa a rana. Kowace sai na lasa sau huɗu."

"To ki zaɓi wanda ya fi muhimmanci."

Da safe ta buɗe kwaɗo ta ɗora tukunyar farko. Tana tsaye tana tunanin a wane mataki za ta kashe cokalinta guda, sai ta ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda. Inna ta shigo, ta buɗe tafukan hannunta biyu ta nuna mata babu komai, har ta kakkaɓe gefen mayafinta. Ta zauna.

"Miƙo in ji."

Auta ta miƙa. Inna ta hura, ta lasa, ta haɗiye, ta yi shiru.

"Lemo biyu. Kuma wutarki ta yi yawa, ƙasan ya fara kamawa."

Auta ta kankara ƙasan tukunyar da muciya ta ji ya fara kamawa ɗin. Ta rage wuta, ta matse lemo biyu. Bayan minti goma Inna ta ƙara lasa ta ce rabin ɗaya. Da ta ce a sauke, Auta ta ɗebi ƙaramin cokalinta ta kai baki. Ya yi daidai, daidai yadda take yin sa a da. Haushi ya ƙara kama ta.

"Inna, kin iya wannan, kika bar ni sati shida da Injiniya?"

"Kin tambaye ni? Ke da kike da likita."

Tun daga ranar Inna ta kama aiki, kuma ba ta tsaya a ɗanɗano ba. Ta ce yankan mangwaron ya yi girma. Ta ce mai kawo kwanduna yana cusa ɗanye a ƙasa, a kira shi ta yi masa magana. Ta ce kwalaben ba su bushe ba, tsumman ya tsufa, kuma tun Auta na yarinya take da gaggawa. Otal ya bugo ya ce hannu ya dawo, Inna ta sa aka maimaita mata saƙon sau biyu.

Ranar Laraba, a tukunya ta uku, ta lasa ta yamutsa fuska ta ture cokalin.

"Wannan ba za ta fita daga gidan nan ba."

"Inna, kwalba arba'in ce! Mota na zuwa da ƙarfe huɗu."

"Ta zo ta koma. Ya ƙone, ina jin ɗacin a nan." Ta nuna maƙogwaronta.

Auta ta riga ta cinye cokalinta na ranar tun da safe, ba ta da hanyar musu. Ta kalli tukunyar, ta kalli agogo, ta ja tsaki ƙasa-ƙasa yadda Inna ba za ta ji ba.

"Na ji," in ji Inna. "Ɗauko wuƙa, ni ma ba ni ɗaya. Kafin uku mun gama feraya."

Auta ta jawo kwandon mangwaro tsakaninsu, ta ɗauko wuƙaƙe biyu.